Koren Dutsen Cindo

Kakana Cindo, mai yatsa shida,
maƙerin fari ne a bayan Taura.
Shi ke narka dalolin matan garinmu
ya mai da su munduwa da awarwaro.
Ya tafi hajji a ƙasa, shekara bakwai,
ya dawo ba darduma, ba turare,
sai wani koren dutse kamar kan ɗan akuya
ƙunshe a tsumman rawani.

Wani baƙo ya ba shi a bakin teku,
ladan gyaran makullin akwati.
Bai faɗi sunan dutsen ba,
ko ya faɗa, iska ta kwashe.

Kaka Ladingo ta juya shi da ƙafa:
"Shekara bakwai, ko ɗan gishiri babu?
Kawo, murhuna ya rasa ƙafa ɗaya."

Ya sa magagari, magagari ya dakushe.
Ya ɗaga masaba, ta yi tsalle ta dawo masa.
Mutumin da wuta ke yi wa ladabi
sai ga shi yana lallashin ruwa da yashi,
yana jan zare, gaba, baya,
tun gero na shuka har aka yi girbi.
Abin da ya fita bai fi ƙwayar gurjiya ba.
Ya yi masa gida a zoben azurfa.

Ranar Lahadi, a kasuwar Gujungu,
wata Bafilatana ta sa shi a yatsa,
ta ƙi cirewa.
Ɗan maraƙi ta bayar.
Ladingo da kanta ta zare dutsen daga murhu,
ta wanke shi da toka, ba ta ce komai ba.

Babana Ilu ya gaji zaren da yashin.
Ya sayi keke, ya ɗaura akwatin gilashi,
Gujungu, Maigatari, har gindin Dutse.
Ya nemo fatake masu dawowa daga gabas,
suna kawo masa koren da awo.
Hannunsa bai taɓa bushewa ba,
sanyi ya tsattsaga shi kamar bakin fadama.

Sai kayan roba suka sauka,
kore shar, uku sule goma.
Wa zai jira wata biyu don zobe ɗaya?
Muka ci keken. Muka ci gonar tudu.
Yayana Barau ya bi motar Legas,
har yau gaisuwarsa kawai ke zuwa.
Baba kuwa kullum da asuba
zai zuba ruwa a kaskon, ya zauna,
ko babu mai saye.

Barira ce, autarmu,
wadda aka ce aikin ba na mata ba ne,
ta sayar da tunkiyarta ta sayo injin wasa wuƙa,
ta canza masa dutse.
Ta ɗauki hoton 'yan kunne a kan ganyen zogale
da wayar da fuskarta ta tsage.
Kafin sati, wata mata ta kira daga Kaduna.
Baba ya ce, "Ta taɓa shi?"
Aka ce a'a.
Ya daɗe yana girgiza kai.

Yau mu goma sha ɗaya ne a rumfar,
rufin kwano, fitila mai cin rana.
Yaran maƙwabta na koyon goge.
Direban Hadeja ya san ƙunshinmu.
Wani mai tabarau ya zo bara,
ya haska ragowar dutsen Cindo da tocila,
ya kira shi da wani suna, ya yi tayi mai nauyi.
Barira ta ba shi ruwa, ta raka shi mota.

Ragowar bai fi goro ba yanzu.
Yana kan tebur, yana danne rasiɗai.
Gefe ɗaya santsi, kore kamar ruwan kududdufi,
ɗaya gefen har yau da baƙin hayaƙin Ladingo.
Na sha ɗaukar sa zan goge,
sai in mayar.